Baƙon da Ya Kashe Sarki: Labarin Kusugu a Hannun Manazarta

Ba wanda ya ga lokacin da Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Labarin da kansa ya faɗi haka. Cikin dare baƙon ya shigo Daura, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, domin a garin ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ranar da macijiyar da ake kira Sarki take barin mutane su kusanci rijiya. Ya ari guga ya tafi shi kaɗai. Da ya zura, macijiya ta riƙe, ya jawo ta sama, ya fille mata kai da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sha, ya shayar da dokinsa, ya kawo wa tsohuwa saura, ya kwanta abinsa. Ƙishirwa ce ta kai shi bakin rijiyar, tasa da ta dabbarsa. Ceton da mutanen gari suka samu gyara ce a kan cinikin da ya yi wa kansa.

Rijiyar tana nan har yau a cikin birnin Daura. An gina mata ɗaki, baƙi na zuwa su ja ruwanta su sha, fada kuma tana riƙe da takobin da ake cewa na baƙon ne a cikin kayan sarauta. Fiye da shekara 200 ke nan masana suna rubutu a kan asalin sarautun Hausa, kuma kusan dukkansu tambaya ɗaya suke yi wa wannan labari: ya faru ko bai faru ba, in ya faru wane ne mutumin? Tambayoyin da mai nazarin adabi yake yi wa kowane labari, wato wane irin hali ne da tauraron, kuma bakin wa ake ji a bayan labarin, su ne aka bari a baya. A ganina wannan giɓi ya yi mana tsada, kuma tsadar ta fito fili a inda ba a zata ba: a muhawarar da aka tafka a kan littattafan soyayya na Kano tun daga 1991.

Kafin mu kai can, mu bi sawun baƙon tun daga gida. Ɗan sarkin Bagadaza ne, in ji ruwaya. Ya bar garinsu da runduna, wasu suka ce saboda saɓani da mahaifinsa, wasu suka ce an ci garin ne da yaƙi. Ya isa Barno, aka ba shi masauki. A nan ma bakin masu ba da labari ya rabu. Akwai ruwayar da ta ce farin jininsa ne ya sa Sarkin Barno ya yi masa hassada. Akwai kuma wadda ta ce shi ne ya dubi yawan mayaƙansa ya ga sun fi na mai masaukinsa, ya fara ƙulla yadda zai ƙwace gadon sarauta. Sarki ya ji, ya aura masa 'yarsa Magira don ya kwantar da shi, sannan ya riƙa aron dakarunsa kaɗan-kaɗan da sunan yaƙi har ya wayi gari ba kowa a bayansa. Ya tsere da dare da matarsa mai ciki. Da suka kai Garun Gabas, a ƙasar Haɗeja ta yau, tafiya ta gagare ta, ya bar ta a nan ya yi gaba. Ta haifi ɗa, Biram. Labarin bai sake mai da uban wurinsu ba.

Washegarin kisan macijiya, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin. A ruwayar fada, Galadima ya je ya hango gawar ya tsorata, Kaura ne ya matsa ya taɓa ta ya tabbatar ta mutu. Maƙaryata suka yi ta kawo kawunan macizai, ba wanda ya dace da gangar jikin. Wasu masu ba da labarin suna ƙarawa da cewa baƙon ya bar takalmi ƙafa ɗaya a bakin rijiya, aka yi ta gwadawa. A ƙarshe Ayana ce ta tuna da baƙonta. Aka kira shi, ya fito da kai daga jaka, aka miƙa masa rabin gari, ya ce ba ya so, sarauniyar yake so. Yara a aji suna jin wannan a matsayin soyayya. Duk wanda ya san lissafin mulki ya san cewa wanda ya ƙi rabi ya auri mai gari, garin duka ya nema. Jerin sarauniyoyin Daura da ya faro daga Kufuru a kan wannan aure ya tsaya, daga nan sarauta ta koma hannun maza.

Shaida a gaban alƙali

Tsohon rubutun da aka fi ambata a kan asalin Hausa Bakwai shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, kuma ba ɗan sarkin Bagadaza a cikinsa. Abin da Bello ya ruwaito shi ne sarakunan waɗannan ƙasashe zuriyar wani Bawo ne, bawan Sarkin Barno. Yana da sauƙi a ce wannan farfaganda ce ta wanda ya ci yaƙi, musamman da yake a cikin littafin ne aka adana wasiƙun gardama tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi a kan halaccin yaƙar sarakunan Hausa da Barno. Sai dai akwai abin da ke hana mutum saurin yanke wannan hukunci: Gobir, babbar abokiyar gabar masu jihadi, ita ce ruwayar ta cire daga bautar, ta ce su 'ya'ya ne, asalinsu daga Ƙibɗawan Masar. Da ƙage ne don cin mutuncin abokan gaba, da Gobirawa za a fara.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a farkon 1851, ya rubuta abin da ya ji. A wurinsa Biram ne kakan gida, Bawo jikansa ne, mahaifin Bawo kuwa Karɓagari. A riƙe wannan suna, domin a ruwayar Daura Karɓagari ɗan uban Bawo ne kuma abokin takararsa. Sunaye ɗaya, dangantaka daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa labarin ya daɗe yana yawo a bakuna, kowane gari yana jera mutanen cikinsa yadda ya dace da shi.

Cikakken labarin da muka sani, da Bagadaza da rijiya da macijiya, ya shiga ɗab'i ne a zamanin Turawa. E. J. Arnett ya buga fassarar wani rubutun Daura a 1910, H. R. Palmer kuma ya sa ruwayoyin Daura a cikin Sudanese Memoirs a 1928. Lokacin yana da muhimmanci. Wajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka kori Sarki Abdu daga Daura, gidan sarautar Haɓe ya koma gudun hijira, rassansa suka zauna a Zango da Ɓaure. A 1906 Ingilishi suka mai da Malam Musa, ɗan wannan tsohon gida, kan gadon Daura. Gidan da ya yi shekara ɗari a waje ya dawo, kuma babbar hujjarsa ita ce shi ne tushen da sauran sarautun Hausa suka tsiro daga gare shi. Ba ina cewa a lokacin aka ƙirƙiri labarin ba. Bikin Gani da sarautar Magajiya da kayan fada duk sun nuna tsufansa, kuma M. G. Smith ya bi diddigin wannan tsari daki-daki a cikin The Affairs of Daura na 1978. Abin da nake cewa shi ne ruwayar da ta samu shiga littattafan makaranta ruwayar fadar Daura ce, a daidai lokacin da fadar ta fi bukatarta.

Palmer yana da tasa bukatar. Shi da Turawan mulki na zamaninsa sun yi imani cewa duk inda aka ga daula a Afirka, wani farin baƙo ne daga arewa ko gabas ya kawo ta. Sai aka shiga neman Bayajidda a littattafan Larabawa, aka kuwa samo wanda sunansa ya yi kama: Abu Yazid, Babarbaren Arewacin Afirka ɗan ƙabilar Zanata, Bahawarije, wanda ake wa laƙabi da mai jaki, wanda ya tayar wa daular Faɗimiyya a ƙasar Tunisiya ta yau. Matsalar ita ce Abu Yazid ya mutu a hannun Halifa al-Mansur a 947, bai tsere zuwa ko'ina ba. W. K. R. Hallam, a maƙalarsa ta 1966 a Journal of African History, ya nemi ɗinke wannan ɓaraka da cewa mabiyansa ne suka gudo kudu, baki ya dunƙule su ya mai da su mutum ɗaya.

Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ne ya juya teburin a 1970. Ya ce ba a bukatar baƙo don a bayyana yadda sarauta ta kafu a ƙasar Hausa: ƙauyuka sun girma sun zama garuruwa, garuruwa sun zama birane masu ganuwa, saboda noma da ƙarfe da kasuwa da wuraren bauta da suka tara mutane. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a nazarinsa na Katsina. Wannan gyara ya zama dole, kuma a kansa tarihin Hausa na zamani ya tsaya. Amma ya bar labarin Kusugu a wani hali: tunda ya faɗi a matsayin shaida, sai aka sallame shi daga kotu. Dierk Lange ya sake ɗauko shi, da farko a 1987 inda ya bi yadda labarin ya tashi daga na Bawo ya zama na Bayajidda, daga baya kuma ya kai shi har Kan'ana, yana kwatanta Daurama da Bagwariya da Saratu da Hajara. Kamar tana nan, kowa na iya ganinta. Daga kama zuwa cewa daga can labarin ya taso, tsallen ya yi mini nisa.

Gidan Bayajidda

Idan aka daina tuhumarsa a matsayin shaida aka karanta shi a matsayin labari, abu na farko da za a lura shi ne macijiyar ba ta ɗauki wuri mai yawa ba. Sara ɗaya ne. Abin da ya cika labarin aure ne da ciki da haihuwa da kishi.

Masu nazarin adabi na Turai suna da suna na musamman ga tauraron da labari ya rataya a wuyansa alhali ba shi da halin da ake yabo. Mu kira shi tauraro mai tabo. Bayajidda irinsa ne, kuma labarin bai ɓoye ba. Ya rabu da gidan ubansa, ya yi wa mai masaukinsa ƙulli ko aƙalla an zarge shi da haka, an yi masa wayo ya rasa runduna, ya bar mace da tsohon ciki a hanya, ya yi jarumtaka ɗaya don biyan bukatarsa, ya sayi sarauta da ita. Ko sunansa, a fassarar da baki ya yi masa, yana nufin wanda ba ya jin harshen gari a da. Ba inda labarin ya hukunta shi, ba inda ya sa shi nadama. Ya ci riba, ya haifi sarakuna.

Da ya shiga fada kuma sai ya kusa ɓacewa daga labarin, mata suka karɓe shi. Al'ada ta hana sarauniya kusantar namiji, don haka Daurama ta ba shi baiwarta ya yi sa-ɗaka da ita. Baiwar ko suna ba a ba ta ba, da ƙabilarta ake kiranta, Bagwariya. Ta riga uwar ɗakinta haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Daurama ta ji saƙon, ta kawar da abin da ya hana ta, ta haifi nata, ta sa masa Bawo, wato a dawo da garin. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da kishiyoyi ya san wannan yare. Habaici ne da sunan jariri, irin wanda har yau ake yi da zanen atamfa da waƙar daka da abin da ake ɗorawa a WhatsApp. Mata biyu suna gardamar gadon sarauta ba tare da ɗaya ta yi wa ɗaya magana ba, mijin kuma ba a ji ta bakinsa ba.

Daga wannan gardama aka fitar da taswirar siyasa. 'Ya'yan Bawo shida suka mallaki Daura da Katsina da Kano da Rano da Zazzau da Gobir, aka haɗa da Biram ɗan Magira suka cika Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari aka ba su Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa, aka kira su Banza Bakwai, ko da yake jerin yakan sauya daga ruwaya zuwa ruwaya. A nan ne tambayar bakin wa ake ji take da amfani. A shari'ar Musulunci ɗan sa-ɗaka ɗa ne halattacce, yana gado daidai da ɗan matar aure, kuma sarakuna da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, ba wanda ya ce musu banza. Ashe kalmar ba daga littafin fiƙihu ta fito ba. Daga ɗakin uwargida ta fito. Labarin Kusugu, yadda ya iso mana, ɓangaren Daurama ne na rigimar cikin gida, kuma da harshenta muke kiran maƙwabtanmu har yau. Duk lokacin da aka tayar da gardamar wane ne Bahaushe na asali a Facebook, aka jawo Hausa Bakwai da Banza Bakwai kamar sakamakon gwajin jini, gorin kishiya ake maimaitawa da sunan tarihi. Bazamfare da Bakabe, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, su suka fi kowa sanin zafin wannan.

Mary Wren Bivins ta duba matsayin mata a yadda labarin Daura ya zama labarin al'umma gaba ɗaya, a wata maƙala ta 1997. Irin wannan karatu bai yi yawa ba idan aka gwada da tarin abin da aka rubuta wajen neman kabarin Abu Yazid.

Rijiya ta biyu

A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a Kano. Sumayya, 'yar masu hali, tana son Muhammad, talaka. Gida ya tsaya a kan mai kuɗi. Da aka matsa mata sai ta faɗa rijiya. Ba ta mutu ba, amma littafin ya sha zargin cewa yana koya wa 'yan mata su yi wa iyayensu barazana da rayukansu. A shekarar ce kuma Ibrahim Malumfashi ya fara sukar wannan sabon rubutu a jaridar Nasiha, kuma shi ne daga baya ya laƙaba masa sunan Adabin Kasuwar Kano, bisa kwatanci da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Tuhumar tana da rassa: rubutun ba shi da inganci, an kwafo shi daga finafinan Indiya, kuma yana ɓata tarbiyya. Muhawarar ta ɗauki shekaru, ta kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1990 a shafin adabi na New Nigerian Weekly da Ibrahim Sheme yake kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. Daga waje, Brian Larkin ya buga nazarinsa a 1997 a kan yadda masoya a Kano suke ganin kansu a madubin fim ɗin Indiya, Novian Whitsitt kuma ya karanta Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa a matsayin mata masu neman haƙƙinsu daga cikin Musulunci.

Masu suka ba su yi ƙarya a kan komai ba. Da yawa daga littattafan an rubuta su da gaggawa, ba edita, kuma rawa da waƙar da suka mamaye finafinan Kano bayan haka ba a Daura aka samo su ba. Inda suka kauce shi ne ɗaukar cewa kayan cikin ma baƙi ne. A ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, na 1990. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, ya bar ta tana sayar da abinci don ta riƙe su. Miji mai yin gaba ya bar mace da ɗawainiya, mata biyu a kan gida ɗaya, 'ya'yan wace ce za su ci gado: ba abin da ke cikin wannan da babu shi tsakanin Garun Gabas da fadar Daurama. Marubutan ba su bukaci Bombay ta koya musu kishi ba.

Hujjar da Abdalla Uba Adamu ya fi kafawa ita ce aro ba sabon abu ba ne, kuma Abubakar Imam da ake kafa misali da shi ya yi aro. Gaskiya ne, Imam da kansa ya faɗi cewa ya gina Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a kan Abu Zaidu da Harisu na Muƙamar Hariri, littafin da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa. Amma akwai abin da ya fi aron muhimmanci a nan. Alhaji Imam mayaudari ne. Ya yi ƙarya, ya yi damfara, shi da Zurƙe sun yi ta jefa juna da bayin Allah cikin masifa, ƙarshe kuma ya dawo gida da ruwan, ya warkar da ɗan sarki, ya zauna cikin daula. Littafin ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, an yi shekaru ana karanta wa yara shi a makaranta, ba wanda ya nemi a ƙone shi. Gizo na tatsuniya ma haka yake, sau da yawa yakan ci bulus ya haye rufin ɗaki. Tsohon adabinmu yana da wurin ajiye tauraro mai tabo, ya bar shi ya ci nasara, ya bar mai sauraro da hankalinsa.

Ɗaya hanyar ma tsohuwa ce, kuma daga gasar guda ta fito. Jiki Magayi na John Tafida da East labarin soyayya ne tun kafin a haifi marubutan Kano: mai kuɗi Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, Abubakar ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa. A nan kowa ya girbi abin da ya shuka. Wannan hanya ce ta yi rinjaye, har sunayen littattafai suka zama alkawarin hukunci tun daga bango. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya ba mu Mailoma, ɗaya daga cikin taurari mafi ban tsoro a ƙagaggun labaran Hausa, amma sunan littafin ya riga ya gaya wa mai karatu inda za a kwana. Alhaji Abdu ma sai da shagonsa ya ƙone, Delu ta watsar da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a muhawarar shekarun 1990 shi ne ɓangarorin biyu da mudu ɗaya suke awo. Masu suka suna cewa littattafan ba su da darasi, marubuta suna rantsuwa a gabatarwa cewa faɗakarwa suke yi. An yarda gaba ɗaya cewa aikin labari wa'azi ne, gardamar kawai a kan ko an yi wa'azin da kyau. Nazarin jami'a ma ya taimaka, domin ɗalibin da aka koya wa ya fara da neman jigo, ya zaɓa tsakanin gargaɗi da faɗakarwa da nishaɗi, ba shi da aljihun da zai sa tauraron da ya yi laifi ya wanye lafiya. Da hukuma ta shigo, da wannan mudu ta shigo. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan soyayya da aka tattaro daga hannun ɗalibai mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma a shekarar da ta biyo baya hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Sakamakon yana kan allo: mugun fim ɗin Hausa yana da minti goma na ƙarshe da zai tuba, ko ya haukace, ko 'yan sanda su zo. Da wani zai kai labarin Bayajidda gaban masu tacewa a matsayin sabon rubutu, da sunaye na zamani, da wuya a bar shi ya ƙare yadda ya ƙare.

Maƙwabtanmu na yamma suna da labarai masu irin wannan ƙashi. Tarikh al-Sudan ya kawo baƙon da ya zo daga Yaman ya kashe kifin da mutanen Kukiya suke bauta wa, ya zama sarkin Songhai na farko. Soninke kuma suna da Bida, macijin Wagadu da ake ba budurwa, har saurayin Siya Yatabere ya sare shi. A tasu ruwayar kisan bai kawo daɗi ba: fari ya biyo baya, zinariya ta ƙaura, daula ta watse. Aiki iri ɗaya, a Daura ceto, a Wagadu saɓo, gwargwadon wanda ya rage yana ba da labari. Marubucin Muritaniya Moussa Diagana ya sake rubuta labarin a wasan kwaikwayo ta idon ita Siya, Dani Kouyaté na Burkina Faso kuma ya mai da shi fim a 2001, inda ya zamana babu macijin ma sam, dattawan da ke tsaron asirin ne suke cin amanar 'yan matan, sabon mai mulki kuma ya ga ƙaryar tana da amfani ya ci gaba da ita. Ba wanda ya ce Kouyaté ya zagi kakanninsa. An ɗauka cewa labarin ya yi ƙarfin da zai jure a tambaye shi.

A namu labarin, wadda ta fi cancantar irin wannan tambaya Magira ce. 'Yar sarki ce da ubanta ya aurar don ya ɗaure baƙon da yake tsoro, ta bi mijin da dare ta bar gidansu, ya ajiye ta a hanya. Ita kaɗai ce cikin matan uku ba ta yi gardamar gari da kowa ba, kuma ba a ruwaito wani habaici a sunan da ta sa wa ɗanta ba. Masu lissafi sun bukace shi don shida ta cika bakwai, sai suka sa Biram a jeri. Sauran shidan sun zama Kano da Katsina da Zazzau da 'yan uwansu. Garun Gabas kuwa ƙaramin gari ne a yau a cikin masarautar Haɗeja, a Jihar Jigawa, kuma mafi yawan masu zuwa Daura shan ruwan Kusugu ba su taɓa taka shi ba.